Hajiya, kada ki sallami yaron tukuna

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Garwa, ina harkar atamfa da shadda. Ina da Prado 120 ƙirar 2008, ta hannu na saya. Ɗan yayana ne ke tuƙa ni, muna zuwa Marwa da Gider da Pitoa, wani lokaci har Kuseri. Cikin shekara guda sau biyu ina sauya tayoyin gaba, kuma duk ta gefen ciki suke cinyewa, har waya ta fito a ta hagu, alhali in ka kalle su daga waje kamar sababbi. Na baya lafiyarsu ƙalau. An yi alaimen sau biyu, sitiyari ya miƙe na 'yan kwanaki ya sake karkacewa, kuma in muka hau gargada ana jin ƙwas-ƙwas a gaba. Bakanikena ya ce tuƙin ganganci ne na yaron. Yaron ya ce bakaniken ne bai iya aiki ba. Wata ƙawata kuma ta ce direbobi kan musanya taya su sayar. Zuciyata ta fara zarginsa, amma in na sallame shi zumuncina da yayana zai taɓu. Me zan yi?

Wata Hajiya daga Garwa

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Tayar da waya ta fito a jikinta ta gama aiki, ko da fuskarta ta waje tana sheƙi. Wayar nan ita ke riƙe da taya, kuma da zarar ta bayyana ruwa da ƙasa sun samu hanya, ta yi tsatsa, roba ta fara rabuwa da ita. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, irin wannan taya ba ta sallama kafin ta fashe. A cire ta yau a sa safaya. Ƙarar da kike ji a gargada ma ba ta wasa ba ce, zan zo kanta. Kafin a duba ƙasan motar, a haƙura da doguwar tafiya, ko da kuwa za a rasa cin kasuwa ɗaya.

Sai maganar ƙawarki. Ban ce ba a taɓa yin direban da ya musanya taya ba, ana yi. Amma abin da kika bayyana ba aikin ɓarawo ba ne. Mai musanya taya yakan cire mai kyau ya sa duk tsohuwar da ya samu. Ina yaron zai je ya samo tayoyi har zubi biyu, daidai girman naki, waɗanda duk suka cinye ta ciki kaɗai, ta hagu ta fi ta dama? Motar ce ke cin tayoyinki, kuma wuri ɗaya take ci don abin da ke jawo cin bai gyaru ba. In kina son zuciyarki ta huta ɗungum, ga hanya. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In kin ga 2321, mako na 23 ke nan na shekarar 2021. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, sai an leƙa ta ciki. Ki ɗauki hoton ta kowace taya da wayarki, har da safaya. Ki yi a gaban yaron, ki ce don sanin shekarun tayoyin ne, kuma ba ƙarya kika yi ba, za ki buƙaci lambar nan in an zo sayen wasu. Kada ki yi a ɓoye. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da alamu ba su goya masa baya ba.

Yanzu ki sa a kawo tayoyin da aka cire in ba a zubar ba, ko a murɗa sitiyari har ƙarshe don fuskar waɗanda ke jiki ta fito sosai. Ki shafa tafin hannunki a kan zanen, daga waje zuwa ciki, sannan ki dawo da shi. A hankali, kada waya ta soke ki. Idan ta ɓangare ɗaya hannun ya wuce sumul, ta ɗaya ɓangaren kuma kika ji gefen kowane zane yana kartar ki, to tayar ba birgima kawai take yi ba, ana jan ta a kaikaice.

Ga yadda hakan ke faruwa. In da za a leƙo mota daga sama, tayoyin gaba biyu kusan a miƙe suke fuskantar gaba, abin da masu ƙira suka yarda su tsuke ko su buɗe 'yan milimita ne kaɗan ƙwarai. Idan gabansu ya buɗe, kowace tana neman ta tafi nata gefen, motar kuma ta tilasta musu tafiya tare, sai gefen ciki ya riƙa gogar titi. Idan gaban ya tsuke da yawa, gefen waje ne ke biya. Mutane kan raina wannan don ido ba ya gani, to bari mu yi lissafi. Tayar da aka fi sa wa irin motarki, 265/65 R17, tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen milimita 776 ne. A ce tazarar da ke tsakanin gaban tayoyin biyu ta fi ta bayansu da milimita 3 kacal. Wannan na nufin a kowace kilomita ana jan kowace taya kusan mita 2 a kaikaice. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da ɗoriya, wato kusan mita 400 ke nan ana gurzar robarki a kan kwalta mai zafi, da nauyin mota a kanta, a tafiya ɗaya. Ba sai direba ya yi ganganci ba, ko liman ne ke tuƙi haka za ta cinye.

Abu na biyu shi ne tsayuwar tayar. Ki tsaya a gaban motar a wuri mai baje, ki ja da baya kaɗan ki dube ta. Idan saman tayar ya kwanta ciki, nauyi ya koma kan gefen ciki, sai ya riƙa siɗewa a hankali, sumul, ba kaifi. Wannan shi kaɗai ba ya saurin gama taya. Amma in ya haɗu da buɗewar gaba, sai ka ga gefen ciki ya kai waya alhali sauran fuskar da sauranta, kamar yadda kika bayyana. Kuma tun da ta hagu ta fi ciwo, a hagu za a fi sa ido. Akwai awo na uku, karkatar sandar da taya ke juyawa a kanta. Shi ba ya cin taya, aikinsa dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, kuma in ya bambanta tsakanin hagu da dama mota kan riƙa ja gefe. A takardar da na'ura ke fitarwa a garejin nan da Faransanci za ki gan su: parallélisme, carrossage da chasse, a jeren da na kawo su.

Sauran irin cin da taya ke yi ba naki ba ne, amma sanin su na da amfani. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Tsakiya ya cinye gefe na nan, iska ta yi yawa. Tudu da kwari a zagayen taya, shokabzoba ce ta mutu ko ba a daidaita nauyin ƙafar ba. Wuri ɗaya ya baje, birki ne aka taka har taya ta daina juyawa. Rawar sitiyari in gudu ya kai wajen 90 ko 100 ma ba alaimen ba ne, dalma ce ta faɗi daga rim, ko laka ta bushe a cikinsa, ko rim ɗin ya lanƙwashe.

To me ya sa aka yi alaimen sau biyu bai riƙe ba? A nan amsarki take, kuma ke kika kawo ta da kanki cikin wasiƙa: sitiyari ya miƙe ya sake karkacewa, sannan ga ƙara a gargada. Alaimen ba gyara ba ne, awo ne da saiti. Ke mai harkar yadi ce, kin san in tela ya auna yaron da ya ƙi tsayuwa wuri ɗaya, laifin ɗinkin da ya fito ba na tef ba ne. Ƙafar gaba ta Prado 120 tana rataye ne a kan hannuwa biyu, na sama da na ƙasa. Inda hannuwan suka kama jikin mota akwai robobi, bushin ke nan, makanikan nan kan ce silanbulok. Inda suka kama ƙafar akwai bol-joyin, wanda suke kira rotil. Sannan ga sandunan da suka taso daga injin sitiyari zuwa kowace ƙafa, kowanne da gaɓoɓinsa biyu, na ciki da na waje. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya yi sako-sako, mai alaimen zai saita mota tana tsaye, lambobi su fito daidai, ki biya ki tafi. Da zarar ta hau titi, titin ya tura ƙafafun baya, sako-sakon ya ba da hanya, gaban tayoyin ya buɗe. Saitin da kika biya kuɗinsa a cikin gareji kawai yake da rai.

Hasashena, bisa abin da kika faɗa, za a samu matsalar a bushin na hannun ƙasa, ko a gaɓoɓin sandar sitiyari, ko a robobin da suka riƙe injin sitiyarin kansa a jikin firam. Na ƙarshen nan ana yawan manta shi, alhali in ya mutu injin sitiyarin gaba ɗaya ne ke zamewa hagu da dama, shi ya sa yau sitiyari a miƙe gobe a karkace. Amma kada ki sayi komai bisa hasashena. Ki je garejin da kanki, ke da yaron, ki ce a nuna miki.

A fara mota tana ƙasa da nauyinta. Yaron ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama, bakanike ya shiga ƙasa ya dafa kowace gaɓa. Wadda ta mutu za a ji tana ƙwanƙwasa a hannu, injin sitiyari kuma in yana zamewa ido zai gani. Sannan a ɗaga ƙafar da jak, a sa abin tokare mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya ta hagu da dama a girgiza: motsi a nan na sandar sitiyari ne. A kama ta sama da ƙasa a girgiza: motsi a nan na boris ne ko bol-joyin. Don a rarrabe su, yaron ya taka birki a sake girgizawa. In motsin ya ɓace boris ne, in yana nan bol-joyin ne ko bushin. Bol-joyin na ƙasa shi ke ɗauke da nauyi, don haka ba kullum yake nuna kansa da girgizar hannu ba. A sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a riƙa ɗagawa ana kallon gaɓar. Na nace a kan wannan ne don in ya tsinke ana cikin tafiya, ƙafar gaba ɗaya ce ke kwantawa, babu sitiyari babu birkin kirki. Ba abin da mutum zai so ya same shi a gangaren dutsen Mbe kan hanyar Ngaundere ba ne, ko a tsakanin manyan motocin Figil.

A duba kuma 'yan robobin da suka rufe gaɓoɓin. In sun yage, man ciki ya fita, ƙurar hunturu da yashin rafi sun shiga, gaɓar ba ta da sauran kwana mai yawa ko da yau ba ta motsi. A sa ƙarfe a banƙare hannun ƙasa a ga ko bushin ya tsage ko ya rabu da ƙarfensa. A duba shokabzoba ko tana yoyon mai. A ƙarshe a sauke mota a wuri mai baje, a auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin bodi, hagu da dama. In gefe ɗaya ya zauna sosai, sifirin ya gaji, kuma zaman nan kaɗai na iya kwantar da taya.

Hattara ɗaya. Akwai wasu 'yan gajerun sanduna da ke haɗa ƙarfen hana tangaɗi da ƙafa. Su ma suna ƙwas-ƙwas a gargada, ba su da tsada, kuma ba ruwansu da cin taya. In an sauya su ƙara ta ɗauke, kada a ce miki an gama. Ƙara daban, sako-sako daban.

Akwai wani abu game da irin motarki da ya kamata ki tambaya kai tsaye. Kwanciyar taya a Prado 120 ana saita ta ne da wasu kusoshi masu faifai a gindin hannun ƙasa. Kusoshin nan sun shahara da tsatsa, su manne da ƙarfen da ke cikin bushin, musamman a motar da ke ratsa ruwa ko wadda ta yi zaman ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. In sun manne ba sa juyawa sai an yanke. Mai alaimen da ke sauri ba zai tsaya wannan wahalar ba, zai murɗa sandar sitiyari kawai, ya miƙar da sitiyari, ya ce an gama, kwanciyar tayar kuma tana nan yadda take. Ki tambaye shi: ka taɓa kusoshin ƙasa, sun juya? Ki leƙa da kanki, kusar da aka sa wa sifana kwanan nan ba ta ɓuya. Akasin haka ma na faruwa, a juya su a kasa ɗaure su sosai, rami ɗaya ya mayar da su inda suka fito.

Ƙafafun baya a kan gatari ɗaya suke, wato dogon ƙarfen da ya haɗa su biyun, ba abin da ake saitawa a can, shi ya sa na bayanki suke lafiya. Duk da haka a sa na'ura a ƙafa huɗu, don in robobin sandunan da ke riƙe da gatarin sun mutu ya ɗan juya, motar kan tafi a karkace, sitiyari ma ya ƙi zama tsakiya.

Tsarin aikin shi ne inda kuɗi ke tsira ko su salwanta. A fara sauya duk abin da ya mutu. In bushin ne, kada a ɗaure kusoshinsa ɗaurin ƙarshe mota tana rataye, sai an sauke ta nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Wasu bushin da ake cewa jabu ne, ɗaurin ne ya kashe su. Bayan haka a sa tayoyin da za su zauna, a daidaita nauyinsu, a ba su iskar da ta dace, sannan alaimen, a ranar, ba bayan an je Marwa an dawo ba. Ki nemi takardar awo ta kafin saiti da ta bayansa. In garejin ba shi da kwamfuta ba laifi ba ne, mai haƙuri da zare da tef a daɓe mai baje yana iya saita buɗewar gaba fiye da na'urar da ba a kula da ita. Abin da ba na yarda da shi shi ne saitin ido, mutum ya tsuguna ya kanne ido ɗaya ya ce ta yi. Milimita 3 ba ta ganuwa a haka. In kuma takardar bizit ɗin motarki, wato ta gwajin lafiyar mota, tana da layin da aka rubuta ripage, duba lambar, wannan jan kaikaicen da na lissafa miki ne aka auna, mita nawa a kilomita.

Kan kayan gyara, ra'ayina a fili yake. A bol-joyin da gaɓoɓin sitiyari ba a neman sauƙi, a sayi na asali ko na kamfanin da aka sani, ko da sai an yi oda daga Duwala ko an tsallaka Yola. Robar da ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota a cusa a matsayin bushin tana iya fitar da mutum daga daji, amma ba a yin alaimen a kanta. Kuma ki ce a ba ki duk tsohon abin da aka cire.

Ba ki faɗi ko sababbin tayoyi kike saye ko na hannu ba. In na hannu ne, ga amfanin lambar DOT. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara in ta kai shekara 5 tana aiki, a sauke ta in ta kai 10 daga ranar ƙira komai kyan zanenta, kuma zafinmu ba ya ƙara wa roba kwana. Ki guji tayoyin da aka ƙera don sanyin Turai, masu ƙananan tsage-tsage birjik a kan zane, galibi da kalmar Winter a gefe. Robarsu taushi gare ta, a kwaltar Marwa narkewa take kamar ana kankare ta. Ki duba lambar da ke bin girman taya, misali 112S: 112 na nufin tayar na ɗaukar kilo 1,120, S kuma gudun da bai wuce 180 ba. Kada a sa miki wadda lambarta ta gaza abin da aka rubuta wa motar. Kuma da yake yawancin Prado 120 ƙafa huɗu ke ja a kowane lokaci, tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinsu ma kada ya yi nisa da juna. A riƙa juya su, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka dasa, in fuskar taya ta zo daidai da su saura milimita 1.6, ta ƙare.

Iska kuwa, abin da za a bi yana manne a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51 a ma'aunin PSI da masu faci ke nunawa, iyakar abin da tayar ke jurewa ne, ba abin da motar ke so ba. A auna da safe kafin a yi tafiya. In an yi gudu iska kan hau da wajen bar 0.2 zuwa 0.3, wannan ba matsala ba ce, kada a rage ta a hanya. Ki saya wa yaron ɗan ma'auni nasa ya ajiye a mota, bugun taya da sanda ba awo ba ne.

To yaron fa, ya fita fes? Ba lallai ba. Robobi da gaɓoɓi na motar 2008 ko a hannun wa suke za su gaji, amma tuƙi na iya gaggauta musu. Faɗawa rami da gudu, irin waɗanda hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ta yi suna da su, na iya lanƙwasa sandar sitiyari a bugu ɗaya. Haka hawa dakalin gefen titi a kasuwa, da tsallake tudun rage gudu ba tare da an sassauta ba. Akwai kuma maɓalli ko ƙaramar giya da ke kulle gaba da baya don fita daga yashi ko laka. In an fito kan kwalta aka manta ba a sake shi ba, tayoyi na gurzar titi a kowace kwana, har ki ji motar na turjewa. Fitilarsa na nunawa a dashbod, ki tambaye shi ko ya san ta. Direbobi da yawa ba wanda ya taɓa yi musu bayani, an dai miƙa musu makulli.

Ki yi haƙuri, Hajiya, ke ma da naki kason. Dilar atamfa ba ta da girma a ido amma nauyi gare ta. In aka cika bayan mota har sama, aka ɗora wasu a kan rufi, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, duk awon da aka saita mota tana wofi ya sauya. Iyakar nauyin da motar ke ɗauka na rubuce a farantin da ke jikinta, kuma mutanen ciki na cikin lissafin, manya biyar kaɗai sun kai kilo 350. In kayan sun yi yawa, kuɗin da za ki ba motar haya ta ɗauki rabi bai kai na taya ɗaya ba. Sannan ki tambayi kanki wa ke cewa a yi sauri kada kasuwa ta watse. Yaron da gwaggonsa ke zaune a baya tana duba agogo ba zai taka birki a kowane rami ba.

Ki kira shi ku biyu, ba a gaban bakanike ba, ba a gaban yaran shago ba. Kada ki ambaci maganar sata ko da wasa, irin wannan kalma in ta fita ba ta komawa, kuma sai ta isa kunnen yayanki. Ki ce masa kin gane ƙasan motar na da matsala, kina son ya taya ki gano ta. Sannan ki tambaye shi ko akwai ranar da ya faɗa wani mugun rami ko ya bugi wani abu ba kya ciki. Ki riga ki gaya masa ba za ki cire masa ko sisi ba. Yara kan ɓoye irin wannan don tsoron faɗa, alhali labarin zai rage wa bakanike rabin bincike. Daga nan ki ɗora masa nauyin tayoyin: ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta iska duk mako, da kilomitar da aka juya taya, da duk ƙarar da ya ji. In bayan an gyara mota tsaf kika ga da idonki yana wasa da ita, kin yi masa magana bai ji ba, sai ki je wa yayanki da abin da kika gani, wannan magana ce da zai iya saurara. Yanzu ba ki da komai a hannu sai faɗar ƙawa.

Bakaniken naki kuwa, ban ce macuci ne ba, amma amsarsa ta yi sauri. Wanda aka kawo wa mota sau biyu da ciwo ɗaya ya kamata ya shiga ƙarƙashinta kafin ya nuna direba. Mai yiwuwa shi gwanin inji ne, ƙafa ba fanninsa ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Ki ba shi dama ya yi gwajin nan a gabanki. In ya yi ya nuna miki abin da ya mutu, ki ci gaba da shi. In ya ce ba sai an duba ba, shi ya san motar, ki kai ta wurin masu aikin ƙafa, ki bar masa juyen mai da inji, ba sai an yi faɗa ba.

Bayan gyara kada ki jira wata shida ki ga sakamako. A samu miƙaƙƙen titi, a ga ko sitiyari na tsakiya. Ɗan ja zuwa dama kaɗan ba komai ba ne, titi ake ginawa da gangare don ruwa ya sauka, mu kuma a dama muke tuƙi. In jan ya yi ƙarfi, a musanya tayoyin gaba biyu, hagu ta koma dama, in ba masu kibiyar da ke nuna hanyar juyawa ba ne. Jan ya sauya gefe, laifin taya ne. Bai sauya ba, a koma wurin mai saiti. Bayan kilomita 1,000 ki sake shafa hannu a kan zanen, ki sa tsinken ashana a kwarin ciki da na tsakiya da na waje ki gwada zurfinsu. In kaifin nan ya fara dawowa alhali an sauya duk abin da ya mutu, saura a auna tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya, hagu da dama, a kuma duba ƙarfen da ƙafar ke ɗaure a jikinsa da firam ɗin kansa, don motar hannu na iya zuwa da tsohon haɗarin da fenti ya rufe.

Tayar dama da ba ta kai waya ba, in gefen cikinta bai taɓa 'yan tudun nan ba, tana iya zama safaya na ɗan lokaci. Ta hagun kuwa ki sa a huda gefenta kafin a ba masu yin takalma da guga, don kada mai faci ya sayar wa wani ya sa a motarsa.